Kallon Tsuntsu da Ransa: Jagora Daga Mutanen Ƙarshen Ƙarni na 19

A watan Fabrairun 1886, wani saurayi ɗan shekara 21 mai suna Frank Chapman ya fita yawo sau biyu da yamma a unguwar kantuna ta birnin Niyok. Tsuntsaye ya je nema, amma a kan hulunan matan birni. A fita biyun nan ya gane iri 40, duk tsuntsayen ƙasar. Cikin hula 700 da ya ƙirga, 542 an yi musu ado da gashin tsuntsu: wata da fiffike, wata da kai, wata ma gawar tsuntsun ce sukutum aka ɗinke a kai.

Haka tsuntsaye ke fama a Amurka da Turai a wancan zamani. Wanda ya fi shan wuya shi ne farin zalɓe, ɗan'uwan balbela, domin lallausan gashin nan mai kama da leshi da ake rububinsa ba ya fito masa sai lokacin da yake kan sheƙa. Sai a harbe iyayen, a bar 'ya'yan suna wangame baki har yunwa ta gama da su. Kasuwar gashi ta taɓa mu ma: a shekarun 1870 da 1880, gashin jimina yana cikin manyan kayan da ayarin raƙuma ke ɗauka daga Kano da Borno zuwa Tarabulus, daga can a wuce da shi Landan da Faris.

Su kansu masana, bindiga ce alƙalaminsu. In kana so a yarda ka ga tsuntsu kaza, to, kawo fatarsa. Ernst Hartert, Bajamushen da ya ratsa Zariya da Kano da Sakkwato a 1885 zuwa 1886, fatun tsuntsaye ya tara ya koma da su. Daga baya ya riƙe gidan ajiyar Walter Rothschild a garin Tring na Ingila, inda fatun da aka tara suka kai kusan 280,000.

A tsakiyar wannan ta'asa ne waɗansu mutane, da yawansu mata, suka ɓullo da wata hanya: a san tsuntsu yana raye, a bar shi ya ci gaba da harkarsa. Na daɗe ina bin hanyar tasu, kuma a ganina har yau babu kamarta ga mai farawa, ko da yana da waya mai manhajar gane tsuntsu. Su ba su da hoto mai kyau, ba su da na'urar da za ta faɗa musu suna, don haka dole ta sa suka koyi duba na gaske. Ga yadda abin yake.

Mataki na 1: Ajiye danƙo, riƙe sanɗa

Edmund Selous ɗan Ingila ne, ƙanen shahararren maharbin giwa Frederick Selous. Shi ma ya taso yana harbin tsuntsu. A 1898 ya zauna yana kallon yautai biyu, mata da miji, kuma daga wannan zama kisan tsuntsu ya fita daga ransa. A 1901 ya fitar da littafin da sunansa ya zama sunan wannan sha'awa a Turanci har yau.

Yawancinmu da muka tashi a ƙauye ko bayan gari mun riƙe danƙo, mun ɗana asuta. Mun san inda kurciya ke sauka shan ruwa, mun san yadda ake sanɗa ba tare da kara ya karye a ƙafa ba. Wannan ilimi ne babba, kada ka yar da shi. Ƙarshen kawai za ka canza: idan ka kai wurin da a da za ka ja danƙo, sai ka zauna.

Mataki na 2: Kayan aiki

A 1889 Florence Merriam, wata matashiya 'yar jihar Niyok, ta wallafa littafin da ake ɗauka a matsayin jagorar fili ta farko irin ta zamani. Tsuntsaye 70 ta bayyana a ciki, kuma abin da ta ce mutum ya fita da shi bai wuce biyu ba: ɗan littafin rubutu, da ƙaramin madubin hangen nesa irin wanda ake zuwa da shi gidan wasan kwaikwayo. Irin wannan madubi bai fi ya kusanto da abu sau uku ba. Sai a 1894 ne kamfanin Zeiss na garin Jena a Jamus ya fara sayar da madubin hangen nesa mai ƙarfi irin wanda muka sani yanzu, kuma ba kowa ke iya sayensa ba.

Ke nan rashin madubi ba hujja ba ce. Fara da idonka. Nemi littafi ƙarami mai shiga aljihu, mai bango mai tauri, da fensir. Na ce fensir domin biro yakan ƙi rubutu a sanyin hunturu, tawadarsa kuma takan baje idan ruwa ya taɓa ta. Tufafi kuwa, ajiye farar shadda a gida. Sa mai ruwan ƙasa ko ruwan toka ko kore mai duhu, wanda ba ya ƙara idan ka motsa.

Idan Allah ya hore maka madubi, nemi mai lamba 8x42 ko 8x32 (lambar farko tana nuna sau nawa yake kusanto da abu, ta biyu faɗin gilashinsa). Mai lamba babba yakan yi nauyi, hoton kuma ya riƙa rawa a hannu. Ga yadda ake daidaita shi sau ɗaya tak: rufe gilashin dama da tafin hannu, juya dunƙulen tsakiya har abin da kake kallo ya fito tangaran a idon hagu. Sannan rufe na hagu, ka juya zoben da ke jikin idon dama shi kaɗai har shi ma ya fito. Daga nan dunƙulen tsakiya kawai za ka riƙa taɓawa. Akwai kuma dabarar da ke ba masu farawa wuya: idan ka hango tsuntsu, kada ka ɗauke ido daga kansa don duba madubin. Kafe shi da ido, ka ɗago madubin ya zo ya same ka.

Wata magana da Merriam ba ta buƙaci yi ba amma mu dole mu yi: mutum riƙe da madubin hangen nesa yakan ja zargi. Nisanci bariki da shingen jami'an tsaro da filin jirgi, kada ka saita madubi wajen gidajen mutane ko inda mata ke ɗibar ruwa, kuma idan baƙon wuri ne, fara gaida mai unguwa ka faɗa masa abin da ya kawo ka.

Mataki na 3: Zaɓi wuri guda, ka lazimce shi

Heinrich Gätke mai zane ne da ya sauka a Heligoland, wani ɗan tsibiri a Tekun Arewa wanda mutum zai kewaye shi da ƙafa kafin shayi ya huce. Sama da shekara 50 ya yi yana lura da tsuntsayen da ke yada zango a wurin, ya lissafa kusan iri 400, littafinsa ya fito a 1891. Gaskiya shi mutumin tsohuwar hanya ne, ya tara fatu masu yawa. Amma darasinsa na zama wuri guda ya fi ƙarfin wannan aibi.

Nemi wurin da za ka iya zuwa da ƙafa sau biyu ko uku a mako: bakin kududdufi, lambu, harabar makaranta mai itatuwa, gefen fadama. Inda ya fi albarka shi ne inda yanayi biyu suka haɗu, kamar ruwa da ciyawa, ko gona da kurmi. Idan ɓaure ko ceɗiya ta yi 'ya'ya, ka samu kasuwa, tsuntsayen ne za su zo su same ka. Lokaci kuwa, daga idar da sallar asuba zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar. Da tsakar rana sun lafe, ban da shirwa da ungulu da ke jiran iska mai ɗumi ta ɗaga su sama.

Amfanin lazimtar wuri guda shi ne za ka san 'yan gida, har ranar da baƙo ya sauka ka gane shi nan take.

Mataki na 4: Tafiya da zama

Shawarwarin Merriam a nan ba su tsufa ba. Tafi a hankali ba tare da ƙara ba. Guji motsi na fizga, musamman nuni da hannu. Rage magana. Riƙa tsayawa cak a kai a kai. Jingina da itace domin surarka ta saje da tasa. Sa rana ta kasance a bayanka, don idan tana gabanka duk tsuntsu baƙi zai zamar maka.

Zan ƙara biyu daga abin da na gani. Kada ka nufi tsuntsu kai tsaye. Bi ta gefe kamar mai wucewa, kana satar kallonsa. Tsuntsun gari ya saba da manomi da mai itace, wanda ya tsaya ya zura masa ido shi yake tsoro. Na biyu, zama ya fi tafiya. Samu gindin itace ka zauna minti 20 ba motsi. Minti biyar na farko za ka ce wurin ba komai. Daga nan sai ka ji ganye ya motsa, sai bainu su sauko su ci gaba da tsince-tsincensu taku uku daga ƙafarka, har kana ganin ɗigo-ɗigon farin da ke gefen ƙirjinsu.

'Yan'uwa biyu daga yankin Yorkshire na Ingila, Richard da Cherry Kearton, sun kai wannan dabara maƙura. Sun sa an ƙera musu kututturen itace na ƙarya, sannan suka sa aka yi musu sa da fatarsa, cikinsa rami, mutum ya shige da kyamara, gilashin na leƙowa ta wata huda a ƙirjin san. Duk wanda ya taɓa ganin maharbin ƙasar Hausa ya ɗaura kan burtu a goshi, ya duƙa yana tafiya yana kaɗa shi kamar mai kiwo, ya san hikimar ɗaya ce. Kai ba ka buƙatar sa ko burtu. Zana biyu da ka jingina a gefen ruwa, ka bar su kwana uku tsuntsaye su saba da su kafin ka shiga, sun wadatar.

Mataki na 5: Siffanta kafin ka raɗa suna

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne masu gaggawa ke faɗuwa. Mai bindiga yana da tsuntsu a hannu, yana iya ƙirga gashinsa. Mai kallo kuwa daƙiƙa goma yake da ita, wani lokaci uku. Don haka mutanen wancan zamani suka saba wa kansu tambayoyi a jere, kullum a tsari ɗaya, har ya zama jiki.

Fara da girma. Merriam ta riƙa auna baƙon tsuntsu da wanda kowa ya sani a ƙasarsu. Kai ma kafa naka ma'auni huɗu: gwara, kurciya, hankaka, zabo. "Ya fi gwara, bai kai kurciya ba" magana ce mai amfani. "Ɗan ƙarami ne" ba ta gaya wa kowa komai ba.

Daga girma sai baki, domin baki ne ke faɗin sana'ar tsuntsu. Gajere mai kauri na mai fasa tsaba ne. Siriri mai tsini na mai cin ƙwari. Dogo mai lanƙwasa kamar allurar dukanci na mai shan ruwan fure. Mai ƙugiya na mai cin nama. Kamar mashi na mai kamun kifi. Idan ka kama siffar baki, ka san dangi, kuma sanin dangi rabin aiki ne.

Sannan jela: doguwa ko gajera, mai baki biyu kamar ta shirwa ko mai faɗi, yana kaɗa ta ko yana ɗaga ta. Sai ƙafa, tsawonta da launinta. Sai a ƙarshe launin jiki, kuma ka faɗi inda launin yake: maƙogwaro, ƙirji, saman ido, kan fiffike, gindin jela. Na sa launi a baya da gangan, domin shi ne ya fi ruɗi. Hasken safiya da na yamma suna canza shi, ƙura tana canza shi, shekaru da lokaci ma suna canza shi.

Ni kaina na sha wannan ruɗi. Damina guda ina rubuta mulufi, ɗan tsuntsun nan ja da baƙi da ke kumbura gashi a kan karan gero. Da kaka ta wuce sai na daina ganinsa, na rubuta cewa ya yi ƙaura. A daidai wurin kuma na riƙa rubuta wani garken ƙananan tsuntsaye masu ruwan ƙasa da zane-zane, na ɗauke su wani iri dabam. Sai da damina ta kewayo na ga ɗaya a cikin garken ja ya fara ɓullo masa a wuya, tsilli-tsilli kamar an yayyafa masa manja, sannan na gane su ne dai. Namijin yakan tuɓe kayan ado bayan kiwon 'ya'ya ya koma kamar matarsa. Da tun farko na duba baki da gajeriyar jelar, da ban yi asarar rubutun wata shida ba. Haka zalaidu yake yar da doguwar jelarsa idan rani ya yi.

Bayan siffa sai hali. Tsalle yake ko tafiya? A ƙasa yake ci, a jikin kututture, ko a iska? Shi kaɗai ne ko cikin garke? Tashinsa miƙaƙƙe ne ko yana hawa da sauka kamar na cilakowa? Rubuta duk wannan nan take, kana wurin, kafin ka buɗe kowane littafi ko waya. Idan ka fara duba hoto, ƙwaƙwalwarka za ta ara daga hoton ta ce maka ta gani. Ga misalin yadda shafi zai kasance:

"Asabar, 7:10 na safe, bakin rafi, hazo kaɗan. Girman gwara amma siriri. Baki baƙi, siriri, ya ɗan lanƙwasa. Baya kore shar. Maƙogwaro rawaya, baƙin layi a ƙarƙashinsa, baƙin layi kuma ya ratsa ido. Ciki ruwan kirfa. Su biyu a kan busasshen reshe, bai fi tsawon ƙugu daga ƙasa ba. Yakan fizga ya kamo ƙwaro a iska ya dawo reshen da ya bari, ya buga ƙwaron a jikin reshen kafin ya haɗiye."

Duk masanin da ka miƙa wa wannan shafi zai ce maka ƙaramin cikin dangin masu cin ƙudan zuma ne, ko da bai je wurin ba. Kuma ka yi zane, ko da ba ka iya ba: ƙwai babba na jiki, ƙarami na kai, sai baki da jela, sai kibau masu nuna inda kowane launi yake. Zane yana tona maka abin da ba ka duba ba. Idan ka zo zana ƙafa ka rasa launinta, gobe ita za ka fara dubawa.

Abin da ba ka tabbatar ba, sa masa alamar tambaya ka bar shi. Masu kallo na farko sun sha gori daga masu bindiga cewa ido ba shaida ba ne, kuma da wannan tsantseni ne suka sa aka fara yarda da su.

Mataki na 6: Buɗe kunne

A 1889 wani yaro ɗan shekara takwas a Frankfurt ta Jamus, Ludwig Koch, ya naɗi kukan wani tsuntsun keji da na'urar naɗar sauti ta Edison da mahaifinsa ya ba shi. Ana ɗaukar wannan a matsayin naɗin kukan tsuntsu na farko da aka sani. Sauran jama'a kuwa da kalmomi suke kama kuka, su sa wa tsuntsu magana a baki don su tuna. Mu Hausawa mun riga mun iya wannan, tun muna yara ake gaya mana abin da kurciya ke cewa, kuma harshenmu mai hawa da sauka ne, kunnenmu ya saba da karin sauti. Idan ka ji kuka, bi shi har ka ga mai yinsa da bakinsa a buɗe, sannan ka rubuta shi da kalmominka. Na ragon maza, alal misali, kamar ana tsiyaye ruwa daga gora ne. Kuka biyu a mako ya ishe ka. Kana iya naɗa da waya, amma kada ka riƙa kunna wa tsuntsu kukansa don ya fito. Yana ɗauka kishiya ce ta shigo masa, ya bar abinci da 'ya'ya yana neman faɗa.

Mataki na 7: Suna biyu

Yanzu ka nemi suna, kuma ka nemi biyu. Na Hausa yana wurin tsofaffi, maharba, masunta da makiyaya. Kai musu siffar da ka rubuta, ka rubuta sunan da garin da aka faɗa maka shi, domin na Katsina yakan bambanta da na Haɗeja ko Damagaram. Na biyu shi ne na Latin, wanda duk duniya ta yarda da shi: hankaka Corvus albus, shamuwa Ciconia abdimii. Ƙungiyar masana tsuntsaye ta Amurka, wadda aka kafa a 1883, ta fitar da jerin sunaye na bai-ɗaya a 1886 saboda irin wannan ruɗani. Za ka ga amfaninsa ranar da ka gane cewa abin da muke kira kurciya iri-iri ne, kowace da kukanta da zanen wuyanta.

Mataki na 8: Ladabin sheƙa

A ƙarni na 19 tara ƙwan tsuntsu abin alfahari ne ga yara da manya a Ingila da Amurka: a huda ƙwai, a hure cikinsa, a jera a akwati. 'Yan'uwan nan Kearton sun ɗauki hoton sheƙa da ƙwai a 1892, a 1895 kuma suka fitar da littafin sheƙuna wanda duk hotuna ne na gaske. Sun nuna ana iya komawa gida da sheƙa ba tare da an taɓa ta ba.

A wurin sheƙa ne za ka ga abin da ba za ka manta ba. Wata damina na zauna ƙarƙashin bagaruwa a bakin kududdufi ina kallon marai. Namijin ya sauka kan doguwar ciyawa, ya ɗan tsaga gefen ganyen da baki, ya riƙe bakin tsagin ya tashi, sai zare kore ya biyo shi. Ya kai reshe, ya danne da ƙafa, ya cusa bakin zaren ta nan ya zaro ta can, kamar mai saƙar faifai. Zobe ya fara yi, ya tsaya a cikinsa yana gina ɗaki kewaye da kansa. Da ya gama sai ya rataya a ƙasan sheƙar, kai a ƙasa, yana karkaɗa fukafukai yana tsiwa. Macen ta zo, ta shiga, ta jajja saƙar daga ciki, ta fita ta yi tafiyarta. Bayan 'yan kwanaki sheƙar ta bushe ta yi fari, na same shi yana warware ta da bakinsa, ya soma wata a reshen.

Amma a nan ne kuma za ka iya yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Na taɓa samun sheƙar kurciya da fararen ƙwai biyu a cikin wata geza. Don murna na riƙa zuwa safe da yamma ina buɗa ganye ina leƙawa, uwar na tashi duk zuwana. A kwana na huɗu na tarar da ɓawo, hankaka kuma yana kan itacen da ke kusa. Ni na nuna masa hanya, kuma abin bai bar raina ba. Tun daga ranar dokokina ke nan: kallo daga nesa, ba taɓa ƙwai, ba karya reshe don a gani da kyau, ba tsayawa idan uwa ta tashi ko ta kama kukan tsoro, musamman da rana tsaka da zafi kan kashe ƙwai cikin ɗan lokaci. Kuma ba kowa ake nuna wa sheƙa ba.

Mataki na 9: Riƙe kwanan wata, ka yi ƙidaya

A 1822 aka harbo wani farin tsuntsu ɗan'uwan shamuwa kusa da Klütz a arewacin Jamus, da mashin Afirka soke a wuyansa. Ya zo da shi tun daga nan nahiyar, kuma har yau yana ajiye a Jami'ar Rostock. Wannan ya nuna wa Turawa inda tsuntsayensu ke zuwa da hunturu, amma sanin hanya da lokaci sai da aka haɗa hannu. A shekarun 1880 Wells Cooke ya roƙi mazauna kwarin kogin Mississippi na Amurka su riƙa aiko masa da ranar da suka fara ganin kowane tsuntsu a shekara, aka kuma jawo masu tsaron hasumiyar fitilar jiragen ruwa cikin aikin. A 1899 wani malamin makaranta a Viborg ta ƙasar Denmark, Hans Christian Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zoben alminiyam mai lamba a ƙafa.

Naka rabon a wannan aiki mai sauƙi ne. Ware shafi a bayan littafinka don ranar fara gani da ranar gani na ƙarshe. Fara da shamuwa, wadda ke iso mana gab da damina ta koma kudancin nahiya bayan kaka. Kowa ya san tana zuwa, amma mutum nawa ne a garinku zai iya faɗin ranar da ta sauka shekara biyar a jere? Da sanyin hunturu kuma baƙi daga Turai ke cika dausayin Haɗeja da Nguru da Tafkin Chadi. Idan ka tsinci mataccen tsuntsu da zobe, kwafe lambar da adireshin da ke jiki daidai, da rana da wuri, ka aika. Wani yana can yana jiran wannan labari.

Ƙidaya kuwa, Chapman ɗin nan mai ƙirga huluna shi ya kafa mata al'ada. A Amurka a wancan zamani akan raba maharba gida biyu ranar Kirsimeti, a ga wanda zai fi tara gawa. A mujallar da ya kafa a 1899, ya ba da shawarar a fita a ƙirga masu rai. Ranar 25 ga Disamba, 1900, mutum 27 suka fita a wurare 25, suka ga kusan iri 90, kuma ba a fasa wannan ƙidaya ba har yau. Kai ma zaɓi hanya guda, lokaci guda, tsawon awa guda, sau ɗaya a wata. Idan garke ne babba, ƙirga goma, ka riƙe girman goman a ido, ka riƙa aunawa da shi. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

Kada ka raina na kullum. An taɓa yin wata hazbiyar Amurka da garkenta kan rufe rana. Ba wanda ya ga dalilin ƙirga ta, ta ƙarshe ta mutu a gidan namun daji na Cincinnati a 1914. Tambayi duk wani dattijo yawan ungulun da ke sauka a mahautar garinku yana yaro, sannan ka je ka ƙirga na yau ka rubuta.

Mataki na 10: Jawo wani

A 1889 Emily Williamson ta tara mata a gidanta da ke Didsbury, gefen Manchesta, a lokacin da ƙungiyar masana tsuntsaye ta Birtaniya ba ta karɓar mace. Alkawarinsu gajere ne: ba za su sa gashin tsuntsun da ba don ci aka yanka shi ba, ban da na jimina, wadda ake kiwo a yanke gashin ba tare da an kashe ta ba. A 1891 suka haɗe da ƙungiyar su Eliza Phillips da Etta Lemon ta Croydon kusa da Landan, a 1904 suka samu amincewar fadar Ingila, sai a 1921 aka yi dokar hana shigo da gashin. A Boston ta Amurka kuwa, a 1896, Harriet Hemenway da 'yar'uwarta Minna Hall suka riƙa gayyatar matan manya shan shayi suna roƙonsu su ajiye hulunan gashi, har mata kusan 900 suka amsa. A Jamus, Lina Hähnle ta kafa tata ƙungiyar a Stuttgart a 1899.

Dukkansu da 'yan mutane kaɗan suka fara, kai ma haka za ka yi. Fita ta farko kada ta wuce mutum huɗu, don taro yana korar tsuntsu. Idan da yaro mai danƙo a unguwarku, shi za ka fara ɗauka, domin idonsa ya fi naka kaifi kuma ya san inda komai yake kwana. Ba shi fensir da nasa littafin, ka ce ya nemo maka tsuntsu biyar ya siffanta su ba tare da ya faɗi suna ba, kai kuma ka canka. Idan madubi ɗaya ne, ya zaga hannu, kowa minti biyu, kuma a rataya igiyarsa a wuya kafin a saki.